Wace Fitilar LED Ta Dace da Ɗakin Renon Iri Mai Matsakaicin Girma?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah da ke unguwar Tumfure a Gombe. Yana da ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, yana son ya riƙa renon irin tumatir da attarugu a ciki domin ya sayar wa manoman rani na yankin Kwadon da Dadin Kowa, idan hali ya yi kuma ya haɗa da latas, har ma da tumatir da zai yi 'ya'ya a cikin ɗakin. Ya ga fitilu iri-iri a kasuwa da intanet, wasu farare, wasu masu haske shunayya, an rubuta wat 1000 ko 2000 a kwalinsu, yana son ya san wacce zai saya, kuma guda nawa.

Malam, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce kada ka je wurin mai shago tukuna, ka zauna da biro da takarda, domin shukar da za ka reno ita ce za ta faɗa maka yawan hasken da take buƙata, daga nan ne lissafi zai fitar da adadin fitilu da kuɗin wutar da za ka riƙa biya duk wata.

Haske ga shuka abinci ne, kuma ana auna shi kamar yadda kuke auna ban ruwa a fadama, inda ake duba ƙarfin ruwan da tiyo ke fitarwa, sannan a duba awa nawa injin ya yi yana aiki. Ƙarfin hasken da ke sauka a kan ganye a kowace daƙiƙa shi ne za ka ga an rubuta PPFD a takardar fitila mai kyau, ana auna shi da maikromol a kan kowane murabba'in mita. Jimillar abin da ganyen ya samu daga safe zuwa dare kuma ita ake kira DLI, ana auna ta da mol. Idan ka ninka PPFD da yawan awanni, ka ninka da 3,600, ka raba da miliyan ɗaya, ka sami DLI. Irin dashe na tumatir da attarugu yana yin kyau idan ya sami mol 10 zuwa 15 a rana, latas na son 12 zuwa 17, amma tumatir da ake jiran 'ya'yansa yana neman 20 zuwa 30. Don ka ga tazarar da ke tsakaninmu da abin da Allah ya ba mu kyauta, ranar tsakar rana idan gari ya yi garau tana kaiwa wajen maikromol 2,000, alhali ofishin da aka haska sosai, wanda idonka zai ce maka ya yi haske tar, bai fi maikromol 7 ko 8 ba. Ido ba ma'auni ba ne a wannan harka, saboda yana sabawa da duhu da haske cikin sauri, kuma ya fi jin koren haske, wajen nanomita 555 (nanomita shi ne ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi), shi kuwa ganye yana aiki da duk abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Shi ya sa lumen da ake rubutawa a kwalin ƙwan fitilar gida, wanda aka tsara shi domin idon mutum, bai isa ya gaya maka abin da shuka za ta samu ba.

Game da wat 1000 da ka gani a kwali, zan gaya maka abin da na gani da idona. Wani saurayi ya taɓa kawo mini irin wannan fitila mai shunayya, murabba'iya, da ƙananan fankoki biyu a bayanta, an buga 1000W da manyan haruffa a gabanta. Muka sa ta a ƙaramar mitar nan da ake maƙalawa a soket, ta nuna mana wat 110 da 'yan kai, kuma a ciki har da abin da fankokin ke sha. Da muka juya bayan kwalin, sai ga gaskiyar lambar an rubuta ta da ƙananan haruffa a ƙasa. Ya riga ya sayi guda huɗu yana tsammanin ya mallaki wat 4,000, kuma tumatirinsa da ke ƙarƙashinsu sun miƙe sirara kamar zare, na gefen tire duk sun karkata zuwa tsakiya suna neman haske. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da ya tara ne ya zuba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka nemi a nuna maka wat ɗin da fitilar ke ja daga soket a zahiri, kuma ka sayi wannan ƙaramar mita tun kafin ka sayi fitila ko ɗaya, za ta yi maka amfani shekara da shekaru.

Lamba ta biyu da za ka nema ita ce yawan hasken da fitilar ke bayarwa a kan kowane ma'aunin wuta, ana rubuta ta µmol/J. Fitilun LED masu inganci na yanzu suna ba da 2.5 zuwa wajen 3. Tsoffin fitilun sodiyam masu ruwan lemo da ake amfani da su a gidajen shuka na Turai, mafi kyawunsu bai wuce wajen 1.7 ba. Duk fitilar da kamfaninta bai rubuta wannan lamba ba, bai kuma ba da taswirar da ke nuna yadda hasken ke bazuwa a wani tsayi da aka ayyana ba, ni ba na sayenta, komai arharta.

Bari mu yi lissafin ɗakinka. Murabba'in mita 20 ne, amma ba ɗakin za ka haska ba, wurin da tire ke zaune kawai za ka haska. A ce ka sa mai walda ya haɗa maka kanta huɗu, kowace mai hawa uku, kowane hawa mai tsawon mita 1.2 da faɗin mita 0.6. Hawa 12 ke nan, jimillarsu murabba'in mita 8.6, kuma ka bar wa kanka hanyar wucewa da wurin haɗa ƙasa da ajiye ruwa. Idan ka nufi PPFD 250 na tsawon awa 16, DLI ɗinka zai zama 14.4, wanda ya ishi irin dashe ya kuma ishi latas. Da fitila mai 2.5, kowane murabba'in mita yana buƙatar wat 100, sai ka ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari saboda hasken da ke zubewa ta gefe, ya zama wajen wat 125. Kowane hawa zai ci wat 90 ke nan, ɗakin gaba ɗaya wat 1,080. A awa 16 za ka sha yunit 17 da ɗoriya a rana. Idan muka ɗauki naira 225 a kan yunit, farashin da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta sanar wa masu Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin wutar fitilu kaɗai zai kai wajen naira 3,900 a rana, wato kusan naira 117,000 a wata. Ka sake lissafin da farashin da ke kan takardar wutarka, ko da kuɗin man injinka, wanda zai fi haka nesa ba kusa ba. Da a ce fitila mai 1.5 ka saya saboda arha, samun wannan hasken zai ci maka yunit 29 a rana, bambancin ya haura naira 75,000 duk wata, ka ga ba a daɗe ba arhar ta cinye kanta.

Wannan lissafi shi ne zai raba maka abin da ya kamata ka shuka da wanda bai kamata ba. Kowane hawa yana ɗaukar tire huɗu na reno, ɗakin zai ɗauki 48, idan masu rami 128 ne ka sami tsiro sama da 6,000 a zubi ɗaya. Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, don haka kuɗin hasken da ya hau kan kowane tsiro bai kai naira 20 ba. Attarugu da tattasai sun fi jinkiri, suna kai mako biyar zuwa shida, nasu kuɗin zai ɗan ɗara haka. Manomin da ya sayi irin zamani mai tsada, wanda ake sayarwa da ƙirga, ya kuma taɓa ganin ruwan ƙarshen damina ya tattake masa gadon reno a watan Agusta ko Satumba, ko zafin Afrilu ya ƙone masa, zai iya biyan wannan da farin ciki idan tsiron ya fito kakkaura lafiyayye. Latas kuwa, idan ka sa kai 20 zuwa 25 a murabba'in mita, ɗakin zai ba ka wajen kai 190, kuma wutar wata guda ta hau kansu, kowane kai ya ɗauki sama da naira 600 tun ba a yi maganar taki, ruwa da sanyaya ɗaki ba. Da hunturu, lokacin da latas ɗin lambu ya cika kasuwa, ba ka da yadda za ka yi gogayya da su. Sai dai idan ka sami otal ko gidan abinci da zai ɗauka a farashi mai kyau a watannin da babu shi. Tumatir mai 'ya'ya kuwa ina roƙonka ka cire shi daga tsarin. Yana buƙatar sama da wat 200 a kowane murabba'in mita, ba ya hawa kanta saboda tsayinsa, zai yi wata da watanni yana shan wuta, kuma a Gombe muke, inda rana ke zuba wannan hasken a tsakar gidanka ba tare da ko sisi ba. Wanda ke son tumatir a lokacin da ya yi tsada, gidan raga ko na leda a waje ya fi masa alheri.

Maganar launi ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Gaskiya ne koren sinadarin ganye ya fi shan shuɗi wajen nanomita 450 da ja wajen 660, daga nan ne aka samo dabarar fitila mai shunayya. Amma tun a 1972 binciken Keith McCree ya nuna cewa ganye yana amfani da koren haske ma sosai, kuma koren ya fi ratsawa zuwa ganyen ƙasa. Ni farar fitila nake ba ka shawara, mai 4000K zuwa 5000K, wato lambar da ke nuna launin farin, yadda take hawa haka farin ke karkata zuwa shuɗi; idan an sirka mata 'yan jajayen ƙwayoyin haske na nanomita 660 to madalla. Farin da ya karkata zuwa shuɗi yana sa tsiro ya yi gajarta da kauri, abin da mai dashe ke so ke nan. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan muhimmanci a wurina: a ƙarƙashin shunayya ganye baƙi-baƙi yake bayyana, ba za ka gane ya fara rawaya ba, ba za ka ga farin ƙuda ko jan gizo-gizo a bayansa ba sai ɓarna ta yi nisa. Kada ka biya ƙarin kuɗi don fitila mai UV, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani, kuma ka guji wadda aka cika mata ja mai nisa na nanomita 730, domin shi kara yake sa wa ya yi tsawo.

Siffar fitilar ta fi launinta tasiri a irin tsarinka. Faffaɗar fitila guda mai wat 240 ko 480 an yi ta ne don a rataye ta sama da shuka da kamar santimita 45 zuwa 60 ko fiye, a kan kanta kuwa ba ka da wannan sarari, za ta ƙone na tsakiya ta bar na gefe cikin duhu. Dogayen sanduna masu tsawon mita 1.2 su ne naka, uku ko huɗu a kowane hawa, masu wat 22 zuwa 30 kowace, a jera su da tazara daidai, na gefe biyu a matso da su bakin kanta, su tsaya santimita 20 zuwa 30 sama da ganye. Ka bar santimita 40 zuwa 45 tsakanin hawa da hawa. Ka shafa wa bango farin fenti marar ƙyalli, ka kuma rufe bayan kantar da wani farin abu, za ka dawo da haske mai yawa da ka riga ka biya kuɗinsa. Idan fitilar tana da makunnin rage haske, alheri ne babba, saboda tsiron da ya fito jiya ba ya buƙatar 250, maikromol 100 zuwa 150 ya ishe shi a makon farko, sai ka riƙa ƙarawa yana girma, kuɗin wutarka kuma ya ragu.

Za ka tambaye ni dogayen fitilun LED na gida masu wat 18 da ake sayarwa a kowane shagon kayan wuta, ko za su yi. Za su yi renon iri idan babu yadda za a yi, amma ka san iyakarsu. Guda biyar a hawa ɗaya, idan sun cika abin da aka rubuta musu, za su ba ka wajen maikromol 150, wanda a awa 16 bai kai mol 9 ba, ƙasa da abin da muke nema kaɗan, kuma ba duka ke cika abin da aka rubuta ba. Hanyar ganewa ita ce ka auna da mitar laks, mai auna haske yadda idon mutum ke ganinsa, ko manhajar waya idan babu mita, ka raba abin da ka samu da wajen 68, ka sami PPFD na kintace. Wato 250 ɗin da muke nema kusan laks 17,000 ne. Wannan dabara farar fitila kawai take yi wa aiki. Ka auna tsakiyar kanta da kusurwoyi huɗu a daidai tsayin ganye, idan kusurwa ba ta kai kashi 70 cikin ɗari na tsakiya ba, ka gyara jerin sandunan.

Sai zafi, wanda shi ne abin da ya fi kashe irin wannan aiki a garinmu. Ana cewa LED ba ta zafi, amma duk wat ɗin da ya shiga rufaffen ɗaki a ƙarshe zafi yake komawa. Wat 1,080 daidai yake da ka bar dutsen guga a kunne awa 16 a ɗakin, wajen BTU 3,700 a awa, ma'aunin zafi da ake rubutawa a jikin na'urar sanyaya ɗaki, kusan kashi biyu cikin biyar na ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya, kafin a haɗa da zafin da ke saukowa daga kwano a watan Maris da Afrilu lokacin da gari ke kusantar digiri 40. Tsiron tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 28, latas kuwa idan zafi ya matsa masa sai ya yi ɗaci ya fara tashin kara. Saboda haka ka zaɓi sanduna masu bayan alminiyam mai kauri waɗanda ba su da fanka a jiki, domin ƙurar hunturu tana toshe ƙananan fankokin nan har su tsaya, fitilar ta dafa kanta. Akwatin da ke daidaita wa fitila wuta, wanda masu sana'a ke kira direba, ka nemi wanda ake iya raba shi da fitilar, ka kafa su duka a wajen ɗakin ko a baranda cikin inuwa, ka rage zafi a ciki ka kuma ƙara musu kwana. Ka sa silin mai kyau, ka sa fankar da ke fitar da iska a sama da ƙofar shigar iska mai raga a ƙasa, sannan ƙananan fankoki su riƙa kaɗa ganyen a hankali; wannan kaɗawar tana ƙarfafa kara, tana kuma rage ruɓewar gindin tsiro da ƙunar bakin ganyen latas.

Direban nan shi ne ya fi saurin mutuwa, tun kafin ƙwayoyin hasken su gaji. Sau da yawa ana rubuta awa 50,000 a kwali, wanda a awa 16 kullum ya haura shekara takwas, amma wannan alkawari yana tsayawa ne idan wuta ba ta hawa da sauka kuma zafi bai yi yawa ba. Ka duba jikin direban, ka zaɓi wanda ke karɓar daga bolt 100 zuwa sama da 270, domin ya jure lokacin da wuta ta zo da rauni. Sunaye irin su Mean Well a direba, da Samsung LM301 ko Osram a ƙwayoyin haske, sanannu ne a wannan fanni, sai dai ana buga sunan a kan abin da ba shi ba ne, don haka mitarka ta soket da ta laks su ne shaidunka. Ka sa mai aikin wuta ya haɗa maka na'urar kariya daga tsawa da hauhawar wuta, ya binne sandar at ta gaskiya, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zubo cikin ƙasa, ya haɗa ta da ƙarfen kantocin, ya kuma sa birekar da ke yanke wuta idan ta zubo a miliamfa 30, saboda za ka riƙa ban ruwa da jiƙaƙƙen hannu kusa da ƙarfe, rai kuma ba abin wasa ba ne. Fitilun su kasance masu alamar IP65, wadda ke nuna ƙura da feshin ruwa ba sa shiga cikinsu. Kada ka ɗora duka a kan ƙaramar taima ɗaya, domin direbobi da yawa idan suka tashi lokaci guda suna fizgar wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci da kan narka cikinta. Taimar ta riƙa kunna kwantakta, wato makunni mai jure wuta mai ƙarfi, ita kwantaktar kuma ta ɗauki nauyin.

Idan sola za ka yi, yunit 17 a rana yana buƙatar faifan sola na wajen kilowat 4, ban da fankoki da sanyaya ɗaki, da batirin da zai riƙe awannin da babu rana. Yana da kyau ka san cewa hasken da ya bi ta faifan sola, ya bi ta inbata, ya fito ta fitila, bai fi kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya sauka a kan faifan ba, wannan ma wani dalili ne na barin tumatir mai 'ya'ya a waje. Mai sola zai fi samun sauƙi idan ya kunna daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9 na dare, rana ta ɗauki mafi yawan nauyin. Mai dogaro da wutar layi kuma, idan bazara ta zo, gara ya mayar da daren ɗakin zuwa tsakar rana, fitilu su huta lokacin da kwano ya fi zafi. Ko wanne ka zaɓa, ka bar wa shukar duhu na awa 6 zuwa 8, domin tumatir musamman idan aka haska shi dare da rana babu hutu ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya. Idan an ɗauke wuta na awa biyu ko uku ba asara ba ce, kana iya ramawa a ƙarshen yini tunda jimilla ake nema, amma kwana biyu a duhu yana sa tsiro ya miƙe ya raunana, kuma ba ya komawa yadda yake.

Kada ka sayi na hawa 12 a tashi ɗaya. Ka fara da kanta guda, wat 270, ka yi zubi ɗaya cikakke kana rubuta zafin ɗaki da yunit ɗin da ka sha. Tsiron zai nuna maka komai: idan karansa siriri ne, tazarar ganye da ganye ta yi nisa, haske ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa, idan ganyen sama ya yi fari-fari yana naɗewa, ka ɗaga fitilar ko ka rage ta. Duk mako ka kashe wuta ka goge sandunan da tsumma mai ɗan laima, da hunturu ka gwada shafa yatsa a kan ɗaya bayan kwana bakwai ka ga abin da zai biyo yatsan, wannan ƙurar haske take ci.

Kafin ka miƙa wa manomi, ka tuna cewa tsiron da ya saba da maikromol 250 zai je ya gamu da 2,000 da busasshiyar iska a fadama. Kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar dashe ka fito da tirorin waje ƙarƙashin raga mai inuwa, ranar farko su sha hantsi na awa biyu kawai, kullum kana ƙara musu lokaci kana ɗan rage ruwa, har su iya wuni a rana ba su yi yaushi ba. Ka gaya wa mai saye ya dasa da yamma bayan la'asar, ya bi su da ruwa nan take.